Yogar hutawa: ya dace a koyar da ita a nan Kebbi?

Sista, ungozoma a Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini rai. Matan da ke zuwa awo da masu kawo yara rigakafi, in kika zauna da su kika tambayi abin da ke damunsu, kukan kusan ɗaya ne: baya, ƙugu, rashin barci, faɗuwar gaba. Mu kuma abin da ke hannunmu farasitamol ne da cewa "ki riƙa hutawa". To ta huta ta yaya? Mace ta kwanta jikinta a ɗaure, haƙora a cije, lissafin cefanen gobe na yawo a kanta, ta tashi da gajiyar da ta fi ta jiya.

Akwai wani nau'in yoga da ake kira yogar hutawa. Ba irin wadda kuke gani a bidiyo ba ce, mutum ya kafa kai a ƙasa ƙafa a sama. Wannan kwanciya ce. Ana cusa filo ko naɗaɗɗen bargo a duk inda jiki bai taɓa ƙasa ba, ƙarƙashin gwiwa, bayan wuya, gefen hannu, har ya zama babu gaɓar da ke ɗauke da nauyin kanta. Sai a zauna a haka minti 5 zuwa 20 ana numfashi a hankali. A awa guda kwanciya huɗu ko biyar kawai ake yi. Ina yin ta idan na sauko daga aikin dare, kuma ta canza mini barci ƙwarai.

Ina so in fara koya wa mata, mata zalla, a cikin gida. Abin da nake tambaya: ya maganar addini, ya maganar lafiya, kuma sai da takarda ake koyarwa?

Malamin Islamiyya, Jega:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan tausayin matan nan, niyyarki a fili take. Amma ni ban gamsu ba. Yoga ba wasan motsa jiki ba ce tun asali, hanya ce ta bauta a addinin Hindu. Akwai gaisuwar rana a cikinta, akwai kalmar "om" da suke rerawa, akwai haɗa tafuka a sunkuya wa mutum. Yau ki ce filo da bargo ne kawai, gobe yarinyar da kika koya wa ta buɗe YouTube ta ci gaba daga inda kika tsaya, can kuwa babu mai tace mata. Muna da salla, muna da zikiri, muna da ƙailula. Me ya rage mana da za mu aro daga Indiya?

Tela, Kalgo:
Allah ya gafarta Malam, ni ina salla ina zikiri, amma bayana bai daina ciwo ba. Ana gobe salla daga hantsi har asuba ina kan keke. Ni in akwai abin da zai sassauta mini ƙugu ba tare da na saɓa wa Allah ba, ina so.

Malamin jami'a, Kalgo:
Bari in sa baki da ɗan tarihi, don kada mu haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Gaskiyar Malam ce, tushen yoga yana cikin addinan Indiya, kuma duk wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba. Amma wannan nau'in da Sista ke magana a kai ba tsoho ba ne. Ya fito ne daga koyarwar wani ɗan Indiya, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 2014. Ya taso da cuta iri-iri yana yaro, zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka. Da ya zauna a birnin Pune yana koyarwa, marasa lafiya da tsofaffi suka riƙa zuwar masa, mutanen da ba za su iya lanƙwasa jiki ba. Shi ne ya shiga tallafa musu da bargo, katako, igiya da kujera. Daga baya wata ɗalibarsa Ba'amurkiya, Judith Lasater, wadda ita kanta likitar gashin ƙashi ce, ta ware ɓangaren hutun ta yaɗa shi, har ta fitar da littafi a kansa a 1995.

Batun hukunci kuma ba mu muka fara wannan muhawarar ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda rera kalmomin bauta da ke cikinta. A farkon 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: wadda aka haɗa da ibadar Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. A 2017 kuma Saudiyya ta amince a koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ban kawo wannan don in rufe bakin kowa ba, na kawo ne don a ga cewa malamai ma sun kalli abin da ake yi a ciki kafin su yanke.

Malamin Islamiyya, Jega:
Na gode Dakta. Sai dai izinin hukuma daban, fatawa daban. Rarrabewar malaman Indunusiya ita ce ta fi kusa da abin da zan iya saurara. Malama ta faɗa mana dalla-dalla me ake yi, me ake furtawa.

Likitan gashi, Birnin Kebbi:
Kafin Sista ta amsa, bari in yi bayanin abin da ke faruwa a jiki, domin babu wani sirri a ciki.

Jikin mutum yana da tsarin jijiyoyi da ke aiki ba da saninsa ba, kuma kashi biyu ne. Ɗaya na shirin gudu ko faɗa: zuciya ta yi sauri, nama ya ɗaure, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji. Ɗayan na hutu da narkar da abinci, babbar hanyarsa wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga kai ta bi wuya zuwa zuciya da ciki. Duk lokacin da ka shaƙi iska bugun zuciyarka yakan ɗan ƙaru, in ka fitar ya ɗan ragu. Don haka in ka tsawaita fitar da numfashi, kana taimakon ɓangaren hutu ne. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. A irin wannan kwanciya mutum kan sauko har wajen sau 6. Amfanin filon kuma shi ne, naman da ke riƙe da gaɓa ba ya sakin jiki sai ya ji an karɓe masa nauyin.

Maigida Tela, ga wadda za ka gwada yau. Shimfiɗa tabarma, ka ɗora bargo a kai. Kwanta rigingine kusa da kujerar roba, ka ɗora sharaɓanka biyu a kan mazauninta, gwiwa a lanƙwashe, cinya a tsaye. In kujerar ta yi maka tsawo har ɗuwawu ya ɗaga, ƙara bargo a ƙarƙashinka. Ninke tawul ka sa a ƙeya yadda haɓarka za ta ɗan yi ƙasa da goshi. Hannuwa a gefe, tafi na kallon sama. Shaƙa kana ƙirga huɗu, fitar kana ƙirga shida, ba tare da ka matsa wa kanka ba. Mintunan farko za ka ji kamar ba ka yin komai, hankalinka zai koma kan ɗinkin da ba ka gama ba. Ka bar shi. Can za ka ji gadon bayanka ya sauka ya manne da bargon, kafaɗu sun buɗe, wani lokaci har cikinka ya yi ƙugi. In ka cika minti goma, kada ka zabura. Mirgina gefe, ka dafa ƙasa, ka tashi zaune a hankali, in ba haka ba jiri zai ɗebe ka.

Amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga ciwon bayan da ya wuce mako 12, kafin a kai ga magunguna. Sai dai yawancin binciken an yi shi ne a kan yoga mai motsi, kuma sauƙin da ake samu matsakaici ne, kusan daidai da na sauran motsa jiki. Kwanciyar nan ba ta ƙara ƙarfin nama, ba ta maye gurbin minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Mai hawan jini kuma ko ya ji daɗin jikinsa, kada ya ajiye maganinsa.

Baban Yara, manomi a Argungu:
Likita sannu da aiki. Mu da munka taso cikin fadama, dashen shinkafa shi ya cinye muna baya, tun sahe mutum shina duƙe har rana ta take. Ƙashi in ya karye mun san hanyar Aliero wurin masu ɗori, amma wanga ciwo ba karaya ba ne, ba mu san inda za mu kai shi ba. Gona ma in anka matsa mata shekara da shekaru akan bar ta ta huta, balle ɗan Adam. Ni ban ga aibu ga kwanciya da kujera ba. Abin da nika tambaya, maza fa? Ko mata kaɗai ke da baya?

Sista, ungozoma a Birnin Kebbi:
Baba, maza sai Likita ya ɗauke ku, ni mata zan iya.

Allah ya gafarta Malam, ga abin da nake yi. Ba na furta komai, ba na kunna kiɗa, babu gaisuwar rana domin ita ta masu motsi ce, ba ta cikin wannan tsarin. Kwanciya huɗu ce. Ta kujera da Likita ya bayyana. Sai jingina: a jera filo biyu ko uku su yi gangare, mace ta jingina bayanta, a tallafi gwiwoyinta ta gefe. Sai kwanciyar gefen hagu da filo tsakanin gwiwoyi, wani kuma a rungume. Ta huɗu a durƙushe ake yi, a buɗe gwiwa, a kwantar da ƙirji a kan tulin filo, a juya fuska gefe. Na ma yi tunanin in ce su riƙa tasbihi a kowace kwanciya, don zuciya ta sami abin riƙewa.

Malamin Islamiyya, Jega:
A'a Malama, wannan na ƙarshen kada ki yi shi. In kika ce ga zikirin kwanciya ta ɗaya, ga na ta biyu, ga adadinsa, kin ƙirƙiro wata siffar ibada da ba a koyar da mu ba, kin gudu daga wata matsala kin faɗa wata. In magani ne, ki bar shi a matsayin magani. Wadda ta ga dama ta ambaci Allah a zuciyarta, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, kamar yadda take yi tana tuƙa tuwo.

Ta huɗun ma ina da magana a kanta. Ta yi kama da sujada ta wani gefen, ta wani gefen kuma ta yi kusa da kwanciyar rubda ciki, wadda hadisi ya zo da ƙinta. In akwai madadinta, a bar ta. Sannan a kula kada a miƙe ƙafafu gabas, kada ajin ya ci lokacin salla, matar aure ta zo da sanin mijinta, kuma kada wata ta ɗauki hoton wata. Ni dai har yanzu ba zan tura iyalina ba, domin tsoron da na faɗa tun farko yana nan. Amma abin da kika siffanta, in iyakarsa ke nan, ba zan kira shi shirka ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinka yana da haƙƙi a kanka.

Sista, ungozoma a Birnin Kebbi:
Na karɓa Malam. Ta gefen hagu tana ba da kusan irin sauƙin da ta durƙuson ke bayarwa, zan tsaya a kan uku. Maganar hoto kuwa, waya a jaka za ta zauna tun daga ƙofa.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, Yawuri:
'Yata, ni abin da ya fi taɓa ni a maganarki ba filon ba ne. Awa guda ce da mace za ta samu ba mai kiran sunanta. Tun tana 'yar shekara bakwai take ɗaukar ƙane, ta yi talla, ta yi aure, ta yi goyo, ta yi jinyar uwar miji. In aka gan ta kwance da rana sai a ce ko ba ta da lafiya, ko a ce son jiki. Na ga malamai mata da yawa a ƙarƙashina da suka riƙa shan maganin ciwon jiki kullum kamar abinci, har ya taɓa musu ciki. Ki yi, amma ki tanadi yarinya ko biyu da za su riƙe jarirai a tsakar gida, in ba haka ba babu wadda za ta cika minti biyar. Kuma ki duba lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, ba mai iya kwanciya a ɗakin kwano da azahar. Bayan la'asar ya fi. Da hunturu kuma kowa ta zo da mayafi mai kauri, jiki in ya yi shiru sanyi yake ji.

Ma'aikaciyar agaji, Gusau:
Anti Sista, ina bin maganar nan tun ɗazu, kuma akwai abin da nake so ki sani tun kafin ki fara. Ina aiki da matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Rashin barci shi ne ciwonsu na farko, don haka mutum zai ɗauka wannan kwanciyar su ta fi dacewa da su. Wasu tana yi musu amfani sosai. Amma wasu, da zarar an ce su rufe ido a yi shiru, abin da suka gani ne yake dawo musu. Sai ki ga numfashi ya sarƙe, jiki na rawa, ta tashi ta fita. Kwanciya rigingine wani na zagayawa a kanta ma tana tayar wa wasu hankali.

Abin da muke yi shi ne, ba a tilasta rufe ido. Wadda ta fi son zama ta jingina da bango tana kallon ƙofa, a bar ta. Ba a taɓa kowa sai an tambaye ta, ko da gyara mata filo ne. Mai koyarwa ta zauna wuri ɗaya inda kowa ke ganinta, ta riƙa yin magana jefi-jefi don kada shirun ya yi yawa. Kuma a fara da minti uku, ba ashirin ba. Kada ki ce ai naki ajin na matan gari ne. Ba ki san abin da kowace ta ɗauko ba, wata ɓari ta yi, wata duka take sha. Wadda kika ga abin ya fi ƙarfin aji, a haɗa ta da sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Sista, ungozoma a Birnin Kebbi:
Allah ya biya ki ƙanwata. Wannan saƙon naki zan kwafe shi a takarda in ajiye.

Ɗan hidimar ƙasa, Zuru:
Don Allah tambaya: ana samun kuɗi a koyarwar? Na ga ana tallan kwas a intanet, a ba ka satifiket cikin 'yan makonni. Ina tunanin in yi kafin in gama hidima.

Malamin jami'a, Kalgo:
Ƙanena, ka yi hattara da kuɗinka. Ma'aunin da aka fi sani shi ne horon awa 200 na Yoga Alliance, ita kuwa ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka da ke rajistar malamai, ba lasisin gwamnati take bayarwa ba. Takardarta ba ta mai da kai ma'aikacin lafiya. A Abuja da Legas akwai masu biyan kuɗi su shiga aji, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikinta a 2015. A Zuru ko Jega kuwa, sai ka fara gina amana tukuna.

Likitan gashi, Birnin Kebbi:
Ni ba takardar ce ta dame ni ba, sanin wanda bai kamata ya kwanta ba shi ne ilimin. Mai cikin da ya kai mako 20 kada ta daɗe rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Gefen hagu ko jingina ne nata. Mai hawan jinin ido kada kansa ya yi ƙasa da zuciyarsa. Wadda aka yi wa aiki a haihuwa ta jira likitanta ya sallame ta. Mai ƙwannafi kada ya kwanta a kan cikakken ciki, ya ba tuwon dare awa biyu. Sista ta san duk wannan tun a makaranta, tana da abin awon jini, ta san fuskar macen da jininta ya hau. Kai kuma sai ka nemi wanda ya sani ka zauna a ƙarƙashinsa, ka kuma daɗe kana yi a jikinka kafin ka sa wani.

Koyarwar tana da riba ko ba kuɗi. Mai koyarwa ba ya iya sakaci da nasa yin, domin ɗalibai suna ganewa. Idonsa kuma yana buɗewa: daga yadda mutum ya ajiye kafaɗa ko ya riƙe numfashi zai gane inda ke masa ciwo. Mu ma a asibiti tana rage mana layi, don rabin masu zuwa gashi abin da suke buƙata shi ne a nuna musu abin da za su riƙa yi a gida.

Tela, Kalgo:
Likita na gwada ta kujerar bayan isha'i. Gani ya kori ji. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, sai uwargida ce ta tashe ni. Ƙugun bai warke ba amma ya saki. Barcin laifi ne?

Likitan gashi, Birnin Kebbi:
Ba laifi ba ne, bashin barci ne jikinka ke biya. In ka saba za ka riƙa zama a farke. Sa ƙararrawar waya a minti goma sha biyar don kada ƙafa ta yi sanyi a kan kujera. Da rana kuma duk rabin awa ka tashi daga kan keke ka taka, ko zuwa bakin shago ne. Wannan ya fi kwanciyar muhimmanci a wurinka.

Baban Yara, manomi a Argungu:
Likita, ni ma na gwada, amma ƙahwata ta dama ta ƙara tsami. Dama tun bayan girbi takan yi mini dindiris har yatsu, wani lokaci takalmi shina zamewa ban sani ba. Kwanan nan kuma fitsari ba ya riƙuwa kamar da. In ƙara filo ko mi?

Likitan gashi, Birnin Kebbi:
Baba, kada ku ƙara filo, ku dakatar da kwanciyar gaba ɗaya. Mutuwar ƙafa, takalmi na zamewa, ga fitsari ya fara kufcewa, alamu ne na cewa wani abu yana danne jijiyoyin ƙasan baya, kuma irin wannan ba a jira da shi, jinkiri yana iya barin lahanin da ba ya gyaruwa. Ba na gashi ba ne, ba na ɗori ba ne, ba na tausa ba ne. Ku sa yaro ya kawo ku babban asibiti a Birnin Kebbi yau ɗin nan, ku shiga ta sashen gaggawa, ku faɗa musu maganar fitsarin tun a bakin farko, kada kunya ta sa ku ɓoye. In kuna zazzaɓin dare, ko rama, ko kun taɓa yin tarin fuka, shi ma ku faɗa, domin yana kama ƙashin baya. A mota za ku zo, ba a kan babur ba. Na tura muku saƙo ta gefe, in kun kama hanya ku sanar da ni.